Sultan Muhammadu Bello Mai Wurno: Sarkin da dokar jinsiyya ta bar jama'arsa a waje

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Damazin zuwa Sinnar ya san garin Mai Wurno, wanda ke bakin Shuɗin Nilu ta yamma, kudu da Sinnar kaɗan. Sai dai ba kowa ne a cikinmu ya san cewa sunan mutum ne garin ya ɗauka ba, balle ya san cewa takardar jinsiyyar da ake tambayarmu a shingayen hanya tana da alaƙa da shekarar da wannan bawan Allah ya iso ƙasar nan.

Shi dai Muhammadu Bello ɗa ne ga Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Laƙabin Mai Wurno kuwa ya samo shi ne daga mai sunansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno kusa da Sakkwato. Mahaifinsa ya hau sarauta a 1902, bai yi wata shida a kai ba Turawan Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a kuma suka riƙa barin gonaki da kasuwanni suna binsa, domin da ma an daɗe ana faɗin cewa wata rana jama'ar Shehu za ta yi ƙaura zuwa bakin Nilu. Turawa suka cim musu a Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yanzu, inda Attahiru ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Mai Wurno ne ya ja ragamar waɗanda suka tsira. Sun yi kusan shekara uku a hanya ta ƙasar Chadi ta yau, kafin su iso Shuɗin Nilu wajejen 1906, suka sauka a garin Shehu Talha, daga baya suka ƙetare ruwa suka kafa nasu garin.

Abin lura a nan shi ne, Turawan da ya guje wa a Sakkwato su ya tarar suna mulki a Hartum. Da farko ba su saki jiki da shi ba, ganin cewa ba a daɗe da murƙushe daular Mahadi a 1898 ba, kuma suna tsoron duk wani taron mutanen yamma. Amma suna da wata buƙata da ta fi tsoron ƙarfi, wato ma'aikata. An kammala madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe noman audugar Jazira, inda gwamnati da kamfanin Turawa da manomi mai hawasha ke raba kuɗin auduga, kason manomi 40 cikin 100. Shema da cirar auduga na son hannu da yawa, mahajjatan Kano da Katsina da Borno da ke yada zango su nemi guzurin Makka kuwa ga su nan bila adadin. Mai Wurno ya zama ƙofar da wannan jama'a ke shigowa ta cikinta. Turawa suka amince da shi a matsayin Sultan, shi kuma ya riƙa saukar da baƙi yana kafa ƙauyuka a gaɓar kogi, yana raba gardamar gona da aure da bashi tsakanin mutanensa.

Akwai masu ganin cewa ɗan shahidin Burmi bai kamata ya zauna da Turawa a kan tabarma ɗaya ba. Mu dai a ganinmu, wanda ya iso da mata da yara da tsofaffi bayan tafiyar shekara uku, ƙasar noma ce farkon abin da zai nema musu. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin mutanen yamma sun shiga Jazira ne a matsayin 'yan ƙwadago, hawasha kuwa tana hannun wasu, kuma haka zaman kambo ya samo asali, wanda jikokinsu ke ciki har yau.

Allah Ya yi wa Mai Wurno rasuwa a 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa. Shekara huɗu kacal bayan rasuwarsa, a 1948, aka yi dokar farko da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, ta ce sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mai karatu ya lissafa da kansa: wanda ya iso a 1906 ya makara da shekara tara. Ke nan mutanen da suka yi shekara arba'in suna noma da biyan haraji sun wayi gari baƙi ne a idon doka. Dokar jinsiyya ta 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan ranar. Sai a shekarun 1970 aka matso da ita zuwa 1 ga Janairu 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956. A kan takarda magana ta ƙare ke nan, amma duk wanda ya je neman lambar ɗan ƙasa ko rajistar shago da suna irin namu ya san tambayoyin da ake ƙara masa a kan kakan kakansa.

Ɗaya gadon da ya bari shi ne batun sarauta da ƙasa. Gwamnatin Numairi ta yi dokar 1970 wadda ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, ta kuma rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da shi. Tun daga nan ake jayayya a kan ko sarautar ƙabila na nufin mallakar ƙasa ne, ko kuwa shugabancin mutane kawai. Wannan jayayya ce ta ɓarke a Yulin 2022, lokacin da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarauta aka ƙi, faɗa ya tashi a Rusairis da Gisan da kewayen Damazin, fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, aka ƙone shaguna, sannan a Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi. Cikin waɗanda aka raba da gidajensu a lokacin har da jikokin mutanen da suka biyo sawun Mai Wurno zuwa bakin wannan kogi.