Sabo Bakin Zuwo: Sanatan Taɓo da barkwanci ya danne tarihinsa

Da wuya a ambaci sunan Alhaji Aliyu Sabo Bakin Zuwo a wurin hira ba a yi dariya ba. Matasan da aka haifa bayan rasuwarsa sun gaji labaran kwaɓar Turancinsa, kowane mai ba da labari yana ƙara nasa gishirin. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mutumin ya yi shekara huɗu a Majalisar Dattawa, ya kayar da ɗan siyasar da ake ganin ba ya kayuwa a Kano, kuma a cikin wata uku kacal na mulkinsa ya yanke hukunci a kan masarauta wanda har yau ake maimaita irinsa. Rayuwarsa ta ƙunshi tambayar da ta raba 'yan gwagwarmayar Arewa gida biyu: idan biyayya ga jagora ta ci karo da manufar da aka taru dominta, wanne za a riƙe?

An haife shi a birnin Kano a 1934, kuma sunan unguwarsu, Bakin Zuwo, shi ya bi shi har kabari. Bai yi zurfi a karatun boko ba, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Makarantar da yake alfahari da ita ita ce gidan Malam Aminu Kano, inda samarin NEPU suke ɗaukar darasin siyasa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, a zamanin da En'e ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari, tana karɓar haraji da jangali. Wanda duk ya shiga jam'iyyar a lokacin ya san ɗauri da bulala na iya biyo baya. A wannan makaranta Sabo ya koyi magana da talaka da harshen da yake ji, ya kuma koyi cewa maganar Malam ita ce ta ƙarshe.

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, tsofaffin 'yan NEPU suka haɗu da matasa 'yan boko masu ra'ayin sauyi suka kafa PRP. A zaɓen 1979 kowace jiha daga cikin jihohi 19 ta aika sanatoci biyar zuwa Legas, jimilla 95. NPN ta samu 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP kuwa 7. Biyar daga cikin bakwai ɗin nan daga tsohuwar jihar Kano suka fito, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, sauran biyun kuma daga tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Sabo yana cikin biyar ɗin Kano.

Lissafin majalisar ya ba ƙananan jam'iyyu daraja. NPN ta Shugaba Shehu Shagari ba ta da rinjayen da za ta zartar da doka ita kaɗai, shi ya sa ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka naɗa Joseph Wayas shugaban majalisar. Da yarjejeniyar ta wargaje a 1981, kowace ƙuri'a ta ƙara tsada. A wannan zaure, inda lauyoyi da likitoci da malaman jami'a suka yi yawa, Sabo bai zama ɗan kallo ba. Masu bibiyar tarihin Jamhuriya ta Biyu sukan ambace shi a matsayin sanatan da ya fi kowa gabatar da ƙudurori. A waje da zauren kuwa, rediyo ce babban makaminsa. Da Hausa mai kaifi da zambo da habaici yake kai maganar Legas zuwa rumfar mai shayi da zauren ƙauye, inda jarida ba ta zuwa.

Gwajin da ya fayyace matsayinsa daga cikin gida ya taso. PRP ta kafa gwamnati a jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Dukansu biyu sun soke haraji da jangali da hawansu mulki, abin da NEPU ta yi shekaru tana nema. Daga nan suka shiga taron gwamnoni tara masu adawa da NPN, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Shugabannin jam'iyya suka hana su halartar taron, suna ganin Obafemi Awolowo ne zai ci ribarsa. Gwamnonin suka ƙi bari, suna ganin shugabannin ne suke lallaɓawa zuwa jikin NPN. A 1980 aka kore su daga jam'iyyar, PRP ta tsage biyu. Ɓangaren gwamnoni, wanda ya ɗauki tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba, aka sa masa suna Santsi. Ɓangaren Malam Aminu, wanda hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da shi, aka kira shi Taɓo. Sabo ya tsaya a Taɓo, ya zama ɗaya daga cikin muryoyinsa mafi ƙarfi.

A Kaduna aka fara biyan kuɗin wannan rabuwa. Balarabe Musa ya ci zaɓen gwamna, amma NPN ce ke da kusan kashi biyu cikin uku na kujerun majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall. Majalisar ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da yake aika mata, har ya yi mulkinsa duka ba shi da majalisar zartarwa. Ranar 23 ga Yuni, 1981, ta tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. NPN ce ta kaɗa ƙuri'ar, amma gwamnan ya fuskance ta ne a lokacin da jam'iyyarsa ta riga ta kore shi. Mataimakinsa, Abba Musa Rimi, ya ƙarasa wa'adin, sannan a 1983 Lawal Kaita na NPN ya karɓe jihar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duka ɓangarorin biyu suna da hannu a tsagewar.

A Kano ma wutar ba ta tsaya a fatar baki ba. Rimi ya ɗaga darajar wasu garuruwa, irin su Gaya da Rano da Dutse, zuwa masarautu masu cin gashin kansu, sannan gwamnatinsa ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli, 1981, tarzoma ta ɓarke, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa. Daga ranar nan rikicin Santsi da Taɓo ya cakuɗe da maganar fada, kuma mutanen birni da dama da suka ji zafin abin da aka yi wa Sarki suka juya wa Rimi baya.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, 'yan watanni kafin zaɓe. Rimi ya sauka daga kujerarsa don ya yi takara a NPP, ya bar wa mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ragamar jihar. PRP ta tsayar da Sabo. A gefe guda ga tsohon gwamna matashi, mai ilimi da iya magana, wanda ya kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV, ya kuma buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci. A ɗaya gefen ga mutumin da 'yan boko ke yi wa dariya, jarinsa kawai shi ne bai taɓa barin Malam ba. A watan Agusta Kanawa suka zaɓi Sabo. Juyayin rasuwar Malam da fushin masu kishin masarauta sun haɗu a akwati ɗaya.

Ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba, 1983. Cikin matakansa na farko har da rushe masarautun da Rimi ya kafa, ya mayar da su ƙarƙashin Kano. Nan ne tarihi ya yi juyin waina: ɗan NEPU, wanda ya tashi a jam'iyyar da ta yi suna wajen ƙalubalantar ikon sarakuna, shi ne ya mayar wa fadar Kano faɗin ƙasarta. Magoya bayansa sun ɗauki matakin a matsayin gyaran ɓarnar da aka yi da gayya. Masu sukarsa sun ɗauke shi a matsayin biyan bashin zaɓe. Ya kuma rufe silimar Palace da ke Jakara, wadda mazauna birni suka daɗe suna kuka da ita tun buɗe ta a farkon shekarun 1950, ya mayar da ita asibiti. Asibitin haihuwar da ke wurin yana ɗauke da sunansa har yau.

Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Aka kama Sabo tare da sauran gwamnoni. Hukumomin soji suka sanar da cewa an samu tsabar kuɗi naira miliyan 3.4 a gidansa, a zamanin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Hujjar da ake dangantawa da shi ita ce, ba ya ganin laifi a samu kuɗin gwamnati a gidan gwamnati. Kotun soji ta musamman ta yanke masa ɗaurin da jimillarsa ta kai shekara 300. Gaskiya ne cewa lauyoyi sun yi tir da tsarin waɗannan kotuna, har ƙungiyarsu ta ƙaurace musu. Gaskiya ne kuma cewa jam'iyyar da ta gina sunanta a kan amanar dukiyar talaka ba ta da amsa mai gamsarwa ga tulin kuɗi a gidan gwamnan da bai wuce wata uku a ofis ba. Rimi ma bai tsira ba, shi ma kotun soji ta ɗaure shi, Santsi da Taɓo suka haɗu a kurkuku.

Bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985, aka sake duba hukunce-hukuncen, Sabo ya samu 'yanci, amma dokar soji ta hana shi komawa fagen siyasa. Ya rasu a 1989, shekara shida bayan Malam, bai ga wani zaɓen gwamna ba.

Abin da ya bari bai mutu tare da shi ba. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. A watan Mayun 2024 majalisar dokokin Kano ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu. Wanda ya san abin da ya faru tsakanin 1981 da 1983 bai ga baƙon abu ba: gwamna ya raba masarauta, abokin hamayyarsa ya zo ya haɗe ta, kowanne yana cewa don jama'a ya yi. Haka nan rabuwar almajiran jagora ɗaya zuwa sansani biyu masu gaba ta zama ɗabi'ar siyasar Kano.

Sabo Bakin Zuwo ya nuna cewa wanda bai da takardar shaidar jami'a yana iya wakiltar jama'arsa da himma, ya kuma kayar da wanda ya fi shi ilimi da kayan aiki. Biyayyarsa ga Malam ita ta kai shi Majalisar Dattawa, ita ta kai shi gidan gwamnati. Sai dai biyayyar ga mutum aka yi ta, kuma da mutumin ya kwanta dama babu wanda ya rage da zai tsawata. PRP da ta ci jihohi biyu a 1979 ta fita daga zaɓen 1983 da jiha ɗaya, kuma tun daga ranar da aka fitar da Sabo daga gidan gwamnatin Kano ba ta sake kafa gwamnati a ko'ina ba.