Robert Woodworth: Mutumin da Ya Fara Auna Damuwa da Takardar Tambayoyi

Idan ka taɓa zuwa asibiti likita ya miƙo maka takarda mai tambayoyi a kan barcinka, cin abincinka da yawan faɗuwar gabanka, to ka ci gajiyar aikin wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka mai suna Robert Woodworth.

An haife shi a shekarar 1869 a jihar Massachusetts. Ya fara da koyar da lissafi, daga baya ya yi karatu a Jami'ar Harvard a hannun William James, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Columbia a 1899. A can ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana koyarwa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji da yawa sun dawo daga fagen daga babu rauni a jikinsu, amma suna fama da karkarwa, firgita, mugun mafarki da rashin barci. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sai aka so a gano masu saurin kamuwa da wannan lalura tun kafin a tura su. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su da yawan da za su zauna da kowane soja. Sai Woodworth ya tattaro alamomin da likitoci ke tambaya a kai, ya mayar da su tambayoyin da mutum zai amsa da kansa: e ko a'a.

Babban aikinsa shi ne tantance tambayoyin. Ya gwada su a kan masu lafiya, ya kuma gwada su a kan waɗanda likitoci suka riga suka tabbatar suna da lalurar. Duk tambayar da kashi ɗaya cikin huɗu na masu lafiya suka amsa kamar marasa lafiya, sai ya cire ta, domin ba ta bambance kowa ba. A ƙarshe ya tsaya a kan tambayoyi 116. Yaƙin ya ƙare a 1918 kafin a yi amfani da takardar sosai, amma ita ta buɗe hanya. Woodworth ya rasu a birnin New York a 1962, yana da shekara 92.

Takardun da ake ba ka a yau, irin su PHQ-9 ta ciwon damuwa, GAD-7 ta fargaba, da DASS-21 mai auna damuwa, fargaba da matsin rayuwa, duk sai da suka bi ta irin wannan gwaji. Ko fassara su aka yi zuwa Hausa, sai an sake gwadawa, domin mai ciwon damuwa a wajenmu yakan fara da kukan ciwon kai ko zafin jiki kafin ya ambaci baƙin ciki.

Ka sani cewa Woodworth ya tsara takardarsa ne don a ware waɗanda likita zai zauna da su. Har yau haka abin yake: maki mai yawa ba ya nufin an tabbatar maka da cuta, yana nufin akwai buƙatar a ƙara bincike. Don haka ka amsa da gaskiya, kada kunya ta sa ka rage. Idan kana taya mahaifiyarka ko matarka cikewa, ka karanta mata, ka bar ta ta ba da amsa da bakinta. In kuwa akwai tunanin kashe kai, ka faɗa wa likita a ranar, kada ka jira sakamakon takarda.