J.F. Schön: Baturen da ya yi shekara 44 yana rubuta Hausa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba

A watan Afrilun 1853 wani ayari ya sauka a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya fi zama a lokacin. Jagoran ayarin shi ne Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim. Cikin yaransa akwai wani ɗan Bahaushe mai suna Dorugu, da bai wuce shekara 13 ko 14 ba. Aikinsa hidimar maigida ne da kula da kaya.

Yaron ya zauna makonni a bakin Gulbin Rima, a yankin da Wurno da Rabah da Goronyo suke a yau, ya kuma sake ratsowa ta nan a 1854 kan hanyarsu ta dawowa daga Tambutu. Shekara biyu bayan haka, shi ne ya zama malamin wani limamin Kirista a Ingila, wanda ya daɗe yana fafutukar ganin an buga littattafan Hausa da haruffan boko. Sunan limamin James Frederick Schön.

Daga Jamus zuwa Saliyo

An haifi Schön a 1803 a yankin Baden da ke kudancin Jamus. Ya yi karatun addini a makarantar mishan ta Basel, sannan ya wuce Landan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. A 1832 ƙungiyar ta tura shi Saliyo.

Saliyo ta lokacin matattara ce ta bayin da jiragen ruwan yaƙin Birtaniya suke ƙwacewa daga hannun masu fataucinsu a teku, su sauke su a Freetown. Akwai Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari, akwai kuma ɗaruruwan Hausawa. A bakin waɗannan 'yantattun bayi Schön ya fara jin Hausa.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Zazzaɓi yana ta kashe Turawan mishan, shi kansa ya binne matansa biyu a ƙasar, ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ya ci gaba da aikin coci da koyon harsuna, inda ya fara da na Sherbro.

Tafiyar da ta lashe rayuka

A 1841 gwamnatin Birtaniya ta tura jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su haura kogin Kwara domin ƙulla yarjejeniyar daina cinikin bayi da sarakunan bakin kogi. CMS ta sa mutum biyu a cikin tawagar: Schön da wani malamin makaranta Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne.

Tafiyar ta ƙare da makoki. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40. Jirgi ɗaya ne ya iya kaiwa Egga a ƙasar Nufe, daga nan ya juyo da marasa lafiya. Schön ma ya kwanta, da ƙyar ya sha. Egga ita ce iyakar kusantarsa da ƙasar Hausa har ya bar duniya.

Amma ya dawo da darasi biyu. Na farko, ya ga cewa a kasuwannin bakin kogi, ko'ina aka tsaya sai an sami mai jin Hausa, don haka wanda ya iya ta zai yi magana da al'ummai da yawa. Na biyu, ya gamsu cewa Turawa ba za su iya jure yanayin ba, aikin na 'yan Afirka ne. Shi ya ba da shawarar a naɗa Crowther limami, aka kuwa naɗa shi a 1843, kafin ya zama bishop a 1864.

A 1842 aka buga labarin tafiyar da shi da Crowther suka rubuta. A 1843 Schön ya fitar da ɗan littafinsa na kalmomin Hausa da gutsuren nahawu. Ba wanda ya riga shi buga irinsa.

Shekara 14 ta farko

Daga nan komai ya tsaya cik. Asarar rayukan da aka yi ta sa gwiwar mutanen Ingila ta yi sanyi game da kogin Kwara, kuma littafin harshen da ba mai zuwa ƙasarsa ba ya samun mai ɗaukar nauyin bugu. Rashin lafiya ya tilasta wa Schön barin Saliyo a 1847. Ya koma Ingila ya zama limamin asibitin sojojin ruwa na Melville a garin Chatham, aikin da ya riƙe shekara 30 da ɗoriya.

Da rana yana zagaya gadajen marasa lafiya, in ya sami sarari ya koma kan takardunsa na Hausa. Ba shi da Bahaushe ko ɗaya a kusa da zai tambaya. Abin da ya riƙe shi shi ne imaninsa cewa wata rana za a karanta Linjila da wannan harshe, ko da shi ba ya raye.

Ƙofa ta fara buɗewa a 1854, lokacin da Dakta William Baikie ya haura Kwara da Binuwai yana bai wa mutanensa maganin kwinin, ya dawo ba wanda ya mutu. Hankalin CMS ya sake komawa kan kogin.

Zuwan Dorugu

A watan Satumban 1855 Barth ya isa Landan da yaransa biyu, Dorugu da Abbega, wanda Margi ne. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Mahara suka kama shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi har Kukawa, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta shi.

Barth ya shirya mayar da yaran gida a farkon 1856. Schön ya shiga tsakani, yaran suka zauna a gidansa. Wannan ya fusata Barth ƙwarai, ya zama sanadin rashin jituwa tsakanin mutanen biyu. Ana iya cewa a nan kwaɗayin aikin ya rinjayi Schön, domin ba da yardar wanda ya ɗauko amanar yaran aka yi ba.

Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama Maigarin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864. Shi yake faɗa, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, labarin kamun da aka yi masa, da tafiyarsa da Barth har Tambutu da ƙetaren sahara.

Nan da nan littattafai suka fara fitowa, shekara 14 bayan na farko. A 1857 aka buga littafin koyon karatu na Hausa. Tsakanin 1857 da 1859 aka buga fassarar Matiyu da Yohanna da Ayyukan Manzanni da Farawa da Fitowa. A 1862 cikakken nahawun Hausa ya fito.

Shekara 14 ta biyu

Babban burinsa shi ne ƙamus. Shi ma sai da ya ci wata shekara 14. Dorugu ya tafi, 'yan mishan sun tsaya a Onica da Lakwaja ba su kai ƙasar Hausa ba, masu sukar Hausarsa kuma, ciki har da Barth, suna ganin ta mutumin da bai zauna cikin Hausawa ba ce. Schön ya ci gaba da tara kalmomi yana gyara. Sannu ba ta hana zuwa: ƙamusun ya fito a 1876, yana da shekara 73.

Sai karramawa ta biyo baya. A 1877 Faransa ta ba shi lambar yabo ta Volney, wadda ake bai wa masana harsuna. A 1880 aka kammala buga Sabon Alkawari da Hausa. A 1884 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. A 1885, yana da shekara 82, ya fitar da Magana Hausa, littafin da ya tattara tatsuniyoyi da karin magana da tarihin rayuwar Dorugu. Kimanin shekara 30 labarin yaron ya yi kafin ya fito a dunƙule.

Schön ya rasu a Chatham ranar 30 ga Maris, 1889.

Abin da ya samu da wanda bai samu ba

Ba Schön ne ya fara rubuta Hausa ba. Tun kafin ya ji kalma ɗaya ta harshen, malaman jihadi suna rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Lokacin da yake fama da takardunsa a Chatham, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana rubuta nata waƙoƙin tsakanin Sakkwato da Wurno, jajinta suna kai su ƙauyuka mata suna haddacewa. Ita tana da masu sauraro a ƙofar gida, shi kuwa nasa masu karatun ba su zo ba tukuna.

Burinsa na addini bai cika yadda ya so ba. Hausawa ƙalilan ne suka ga fassarorinsa a zamaninsa, kuma ƙasar ta ci gaba da riƙe Musuluncinta. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai a 1932, da ƙoƙarin Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa.

Rubutunsa ma yana da naƙasu. Bai bambanta ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k yadda ake yi yanzu ba, domin sai a shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa masu lanƙwasa.

Amma a kan harsashinsa waɗanda suka biyo baya suka ɗora. Charles Robinson, wanda ya je Kano a 1894, ya fitar da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarnin, ya kuma sake buga Magana Hausa a 1906. Ƙamusun Bargery ya zo a 1934. Har yau ɗaliban Hausa a jami'o'i da sunan Schön suke fara tarihin rubutun boko.

Dorugu kuwa, wanda sunansa ba ya kan bangon littattafan a matsayin marubuci, ya yi aikin tafinta bayan ya dawo, sannan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. A can ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka buga tarihinsa da Turanci, tare da na Maimaina, jikan Abbega, wanda ya zama Sarkin Askira.