Marigayi Alhaji Audu Baƙo, Gwamnan da Ya Yi wa Namun Daji Gida

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi da damina, abin da zai gani shi ne gona ta kama gona har iyakar ganin ido. Babu saura, babu kurmi, sai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaitsaye a tsakiyar gero da dawa, su ma don amfaninsu manomi ya ƙyale su. Masana labarin ƙasa, irin su Michael Mortimore, sun daɗe da nuna cewa karkarar Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. A ƙasa irin wannan naman daji ba shi da maɓoya. Yaron da ya tashi a nan ya san zaki da giwa a tatsuniya da karin magana, amma a gona da wuya ya haɗu da abin da ya wuce kurege da gafiya da bushiya. Mutumin da ya yi tunanin kawo wa wannan yaro dabbobin tatsuniya ya gan su da idonsa, shi ne marigayi Alhaji Audu Baƙo, Gwamnan farko na Jihar Kano.

Tasowarsa da Aikinsa

An haifi Audu Baƙo a barikin 'yan sanda na Kaduna a shekarar 1924, domin mahaifinsa ɗan sanda ne da ya daɗe yana aiki. Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, daga nan ya wuce Midil ta Zariya. A shekarar 1942 ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da dokokin aiki a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa daki-daki har ya zama babban jami'in da ke sa ido a kan 'yan dokar En'e na Jihar Arewa. Wannan aiki ya sanar da shi halin sarakuna da hakimai da talakawansu tun kafin mulki ya zo hannunsa.

A watan Mayu na shekarar 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, ya naɗa Audu Baƙo Gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991. Ya karɓi jihar ana gab da yaƙin basasa, ga ƙarancin ma'aikata, ga rashin ofisoshi. Sakatariyar da ake kira da sunansa a birnin Kano tana cikin abubuwan da ya bari.

Ruwa da Namun Daji

Abin da ya fi damun Gwamnan shi ne ruwa. Ya lura cewa kogunan Kano suna cika su batse da damina, su wuce gabas, da rani kuwa su koma rairayi. Saboda haka ya ɗaura ɗamarar tare ruwan. Aka fara da madatsar Bagauda, sa'an nan ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano, aka tsara ta don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ita ce ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura. Ana cikin aikin ne babban fari ya auka wa ƙasar Hausa a 1973, dabbobi suka yi ta mutuwa, mutanen arewa suka yi ta kwararowa kudu, kowa ya ga hikimar tanadin. A arewacin jihar, madatsun Tomas da Gari da Watari da Jakara duk reshe ne na shirin da ya kafa, ko da yake an kammala su ne bayan saukarsa.

A farkon shekarun 1970 ɗin ne kuma ya kafa gidan ajiye namun daji na Kano, wanda jama'a ke kira Gidan Zu, har titin da ya bi ta gabansa ya ɗauki sunan. Tunanin yana tafe da zamaninsa, domin a Turai ma mutane irin su Gerald Durrell, wanda ya buɗe gidan dabbobinsa a tsibirin Jersey a 1959 ya kuma yi suna a talabijin, suna koyar da cewa gidan dabbobi makaranta ce kuma mafaka ce. Audu Baƙo bai yi shirin talabijin ba, amma ya yi wa Kanawa abin da ya dace da halinsu a lokacin da akwatin talabijin bai shiga ƙauye ba: ya kawo dabbar kanta. Gidan ya zama wurin ziyarar 'yan makaranta da na yawon salla, ɗan ƙauye ya biya kuɗi kaɗan ya tsaya gaban zaki da jimina da kada.

Inda Aikin Ya Bar Baya da Ƙura

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Ruwan da aka tare a Tiga shi ne dā yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, ya rayar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa, ya kuma karɓi tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai da hunturu. Da aka tare shi, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, fadamun suka tsuke, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ke nan hannun da ya yi wa dabba gida a birni, shi ne kuma ya taɓa gidan tsuntsu da kifi a gabas. Ita ma madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, ta yi ɓarnar rayuka da dukiya.

Saukarsa da Rasuwarsa

Ya sauka daga mulki a watan Yuli na 1975, sa'ad da juyin mulki ya kawo Murtala Muhammed, Sani Bello ya gaje shi. Ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, har Allah ya yi masa rasuwa a 1980. An sa wa Gidan Zu sunansa, haka ma kwalejin koyon aikin gona ta Ɗambatta, a tsakiyar ƙasar da ba ta da sauran daji.

Kammalawa

Ya bar wa na baya aikin da bai ƙarasa ba, wato yadda za a raba ruwan kogi tsakanin manomin Kadawa da masuncin Haɗeja, da yadda za a kiyaye dajin Falgore da ya rage a kudancin jihar, don kada wata rana naman dajin Kano ya zama sai a keji kaɗai ake ganinsa. Allah ya jiƙan Audu Baƙo, ya gafarta masa kurakuransa, amin.