Jule Charney: Masanin da ya binciki farin 1973, ya kuma auna ɗumamar duniya

Duk dattijon da ya haura shekara sittin a ƙasar Dawakin Tofa ba ya bukatar a ba shi labarin farin 1973. Damina ta yi gardama daga Senegal har zuwa Habasha, gero da dawa suka bushe a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa, gyaɗar da ake tara dalarta a Kano ta fara ja baya. Da ƙura ta lafa, duniya ta shiga tambayar laifin wane ne. Amsar da ta fi yin tasiri a wancan zamani ta fito ne daga bakin wani Ba'amurke mai suna Jule Charney. Matasan da ke bibiyar muhawarar sauyin yanayi a yau ya kamata su san mutumin nan, domin sau biyu ya ba da amsa a kan hannun ɗan Adam a sauyawar yanayi. Amsa ɗaya ta yi rauni da tafiya ta yi nisa, ɗayar kuwa tana tsaye har yau.

An haifi Jule Gregory Charney ranar 1 ga Janairun 1917 a birnin San Francisco. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga ƙasar Rasha, masu aiki a masana'antar ɗinkin tufafi, masu ra'ayin gurguzu da kishin ƙungiyoyin ƙwadago. A Los Angeles ya tashi, ya shiga Jami'ar California da ke birnin, ya sami digirin farko a lissafi a 1938, na biyu a 1940. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin sama na bukatar masu hasashen yanayi, sai ya koma wannan fanni yana koyarwa yana bincike. Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1946, ya bayyana da lissafi yadda manyan guguwoyin ƙasashen sanyi ke samuwa daga bambancin zafi tsakanin kudu da arewa. Wannan aiki kaɗai ya isa ya ajiye sunansa a tarihin ilimin yanayi.

Bayan zama a Chicago da kuma Oslo ta ƙasar Nowe, a 1948 shahararren masanin lissafi John von Neumann ya ɗauke shi aiki a Princeton, ya ba shi jagorancin ayarin da zai gwada hasashen yanayi da kwamfuta. A 1950 suka yi nasara da wata ƙatuwar na'ura mai suna ENIAC, wadda ta cika ɗaki guda. Lissafin yanayin awa 24 ya ci musu kusan awa 24, wato kafin a gama hasashen gobe, goben ta riga ta zo. Duk da haka ƙofa ta buɗe. Hasashen ruwan sama da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, da wanda matashi ke dubawa a wayarsa, duk jikokin wancan gwaji ne. A 1956 Charney ya koma jami'ar MIT, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Bai tsaya a aji kawai ba: ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam, ya kuma taimaka wajen tara kuɗi daga malaman jami'o'i domin 'yan takarar da ke adawa da yaƙin.

Farin Sahel ne ya juyo da hankalinsa zuwa Afirka ta Yamma. A wata lacca da ya gabatar ga ƙungiyar masana yanayi ta Ingila a 1974, wadda aka buga a 1975, ya kawo wani bayani mai sauƙin fahimta. Kowa ya san farar riga ta fi baƙa sanyi a rana, domin tana mayar da haske. Haka ƙasa take. Fili mai ciyayi da bishiyoyi yana shanye zafin rana, ya ɗumama iskar da ke samansa, iskar ta tashi, hadari ya haɗu. Fili tsirara mai farin yashi kuwa yana mayar da hasken sama, iskar da ke kansa ta huce ta sauko, hadari ya watse. Idan ruwa ya ragu ciyayi sun ƙara mutuwa, ƙasa ta ƙara fari, ruwa ya ƙara raguwa. Da ya gwada a kwamfuta, ya ɗaga hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa kashi 35 cikin ɗari, sai ruwan daminar Sahel ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Charney ya gabatar da wannan ne a matsayin hasashen da ke bukatar gwaji, ya kuma ambaci yawan kiwo a cikin abubuwan da ka iya tsiraita ƙasa. Amma magana zarar bunu ce. Hukumomin agaji da gwamnatoci suka ɗauke ta kamar hukuncin alƙali, a shekarun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron kwararowar hamada a Nairobi a 1977. Labarin da ya bazu shi ne makiyayi da awakinsa, da manomi da gatarinsa, da mai neman itacen girki, su suka kori damina da hannunsu. Wanda ya rasa shanu da amfanin gona, shi aka ɗora wa laifi.

Gonakin da ke kewaye da Kano, waɗanda Dawakin Tofa ke cikinsu, suna daga cikin wuraren da suka ƙaryata wannan labari. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yankin tun daga farkon shekarun 1960. Binciken da shi da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa a nan, inda jama'a suka fi cunkoso kuma ake noma gona kowace shekara ba hutu, bishiyoyi ba su ƙare ba. Manomi yana barin gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya a gonarsa domin dukiya ce, yana kai taki a kan jaki, yana haɗa gero da wake. A Maraɗi ma, tun daga shekarun 1980, manoma suka raya miliyoyin bishiyoyi ta hanyar kula da tohon kututture. Tarihi kuma ya nuna an yi yunwar Kakalaba a 1914, lokacin da jama'a ba su kai rabin na shekarun 1970 ba.

Daga nan masana suka waiwayi teku. Binciken Chris Folland da abokansa a 1986, da na Alessandra Giannini da abokanta a 2003, sun nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna shi ne babban abin da ke juya daminar Sahel. Wasu nazarce-nazarcen suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya kare hasken rana a arewacin Tekun Atilantika, ya sanyaya shi, abin da ya taimaka wajen tura zangon ruwan sama kudu. Bayanin Charney bai mutu gaba ɗaya ba, domin an yarda tsiraicin ƙasa yana ƙara wa fari tsanani da tsawo, sai dai ba shi ne mafari ba. Akwai hannun ɗan Adam a farin, amma yawancinsa hannu ne na nesa.

Amsarsa ta biyu ita ce ta fi ƙarko. A watan Yulin 1979 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta ba shi shugabancin wani ƙaramin kwamiti da ya zauna a Woods Hole, domin duba abin da zai faru idan iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur ta ninka a sararin sama. Kwamitin ya auna sakamakon Syukuro Manabe, wanda ya ba da kusan digiri 2, da na James Hansen, wanda ya ba da kusan digiri 4. Ya yanke cewa duniya za ta ƙara zafi da kimanin digiri 3 a ma'aunin Salshiyos, da yiwuwar ƙari ko ragin digiri ɗaya da rabi. Ya kuma yi gargaɗin cewa tekuna za su jinkirta bayyanar zafin, don haka mai jiran gani da ido zai iya makara. Bayan shekara 42, a 2021, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake tsayawa a kan digiri 3. A shekarar ce kuma Manabe ya sami kyautar Nobel.

Charney bai ga wannan ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Boston ranar 16 ga Yunin 1981, yana da shekara 64. Iskar kabon da ta kasance kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, yanzu ta haura 420, alhali abin da Afirka baki ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na jimlar duniya ba.

Darasin rayuwarsa ya shafi mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau kamar yadda ya shafi wakilin Najeriya a taron yanayi na duniya. Kare bishiya da kula da ƙasa wajibi ne a kanmu, kuma Charney ya nuna dalilin hakan. Amma duk jami'in da zai tsaya a taron dashen itatuwa ya ɗora wa talaka alhakin gardamar damina, yana maimaita hasashen da bincike ya gyara tun shekaru da dama. Lissafin da ya tabbata shi ne na 1979, kuma da shi ya kamata matasa su nemi haƙƙin manomin Dawakin Tofa a wurin ƙasashen da suka fi kowa ƙona mai da gawayi.