Marigayi Gani Odutokun, Mai Zanen Samaru

An haifi Gani Odutokun a garin Nsawam na ƙasar Gana a cikin shekarar 1946. Iyayensa Yarbawa ne, mutanen Offa ta Jihar Kwara, waɗanda fatauci ya kai su can. Bayan ya dawo gida Nijeriya sai ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, inda ya sami digirinsa na farko a fannin zane a 1975, na biyu kuma a 1979. A wannan sashe ya zauna yana koyarwa har ƙarshen ransa.

Abin da ya fid da sunansa shi ne yadda yake sarrafa fenti. Galibin masu zane sukan ɗebi fenti mai kauri da buroshi su shafa. Shi kuwa sai ya tsinka shi ya koma ruwa-ruwa, ya kwarara a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya gangara, launi ya ratsa launi, kamar dai yadda ruwan damina kan tsaga wa kansa hanya a jar ƙasa. Daga nan ne zai duba abin da ya fito, ya sa hannu ya fid da sura, watau mutum ko doki ko fili. Aiki ne mai kasada ƙwarai, gama idan fenti ya malale ba ya komowa, kuma wanda bai ƙware ba sai ya tashi da jagwalgwalo kawai.

Duk wanda ya san ƙasar Zazzau zai gane ta a ayyukansa: hazon hunturu da ke dusashe rana, da busasshiyar ƙasar rani, da ƙurar hawan daba. Amma bai tsaya ga kyan ƙasa kaɗai ba. A zamanin mulkin soja ya zana wani sarki yana raha da manyan hafsoshinsa, kuma ba wanda ya rasa gane inda aka nufa.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Fabrairu na 1995, a haɗarin mota kan hanyarsa ta komowa daga Ikko, bai cika shekara hamsin ba. A shekarar 2000 aka baje ayyukansa tare da na almajiransa a birnin Landan.