Alhassan Ɗantata: Fataken da ya yi arziki kafin gwamnati ta kama kasuwa

'Yan uwana mazauna Sabo ta Ibadan, Agege, Mile 12 da Fatakwal, yau daga nan Gombe nake so in kawo muku tarihin mutumin da ya riga mu bin hanyar da kuke bi. Kusan kowa ya san shi a matsayin kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya tara dukiyarsa, da abin da ya faru da kasuwar bayan hukuma ta sa mata hannu.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake na gado. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta koma Accra da kasuwancinta, wata baiwar Allah mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi karatun allo, ya ga yaƙin basasar Kano da aka soma a 1893, sannan ya shiga fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja.

A nan basirarsa ta fito. Maimakon watanni a kan jakuna, ya koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gold Coast, wato Ghana ta yau, zuwa Legas. Ba wani ofishi da ya tsara masa wannan. Shi ya duba, ya lissafa, ya jefa kuɗinsa. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, Turawa sun ci burin auduga, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka bi ta. Ɗantata ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa, yana ba yaransa jari su shiga ƙauyuka. A 1929 da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya.

To, daga yaƙin duniya na biyu lamari ya sauya. Gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe sayar da amfanin gona zuwa waje. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa da ta auduga, a 1954 kuma aka mayar da su hannun yankuna. Hukuma ce ke yanke farashi, sai mai lasisi ne zai saya mata. Hujjarsu ita ce a kare manomi daga hawa da saukar farashi. A aikace kuwa, ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar tana tafiya asusun hukuma. Manoman audugarmu na ƙasar Gombe ma haka suka yi ta sayarwa.

Wani masanin tattalin arziki, Peter Bauer, haifaffen Hungary da ya koyar a Landan, ya zagaya kasuwanninmu, ya fitar da littafi kan cinikin Afirka ta Yamma a 1954. Ra'ayinsa shi ne wannan tsari haraji ne a ɓoye, kuma dillalai da ƙananan 'yan kasuwa da ake yi wa kallon cima-zaune su ne ke kai kaya inda ake bukata. Yana cikin masu cewa aikin gwamnati shi ne tsaro da shari'a, ciniki kuwa a bar wa mutane. Masu suka suna cewa da rarar aka yi makarantu da hanyoyi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba a nemi yardar manomin da ya biya ba.

Shi kansa Ɗantata bai yi asara ba, don a ƙarshen rayuwarsa ya samu lasisin. Abin lura kenan: idan hukuma ta kafa shinge, babba yakan samu ƙofa, ƙaramin da ke son tasowa ne ke tsayawa a waje. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Dalar gyaɗa ta bi baya a shekarun 1970, bayan fari, cutar gyaɗa da zuwan kuɗin fetur. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin.

Ku da kuke ɗauko wake, masara da shanu daga Gombe zuwa kudu kun fi ni sanin shingayen yau: rasit a kan rasit, tsayawa a kowace kwana, ga rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ganina, abin da ya kamata shugabannin kasuwanninmu su riƙa nema wurin 'yan siyasa shi ne hanya mai aminci, haraji ɗaya sananne, da kotun da za ta bi wa mutum bashinsa. Sauran, fatake sun iya tun zamanin jakuna.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya sa albarka a nemanku.